Tambayoyi da amsoshi kan illolin da takardun tantancewa da tsare-tsaren kwamfuta ke jawo wa marasa lafiya a asibiti

Tun daga farkon shekarun 2000, aikin asibiti ya cika da takardun tantancewa, da rubutattun ƙa'idojin jinya, da kwamfutocin da ke tunatar da likita abin da ya kamata ya yi. An kawo su domin a rage kuskure, kuma a wurare da dama sun rage shi. Sai dai an sha samun lokutan da garin neman gira aka rasa ido, kuma a kan waɗannan lokutan ne amsoshin da ke ƙasa suka tsaya.

Mece ce takardar tantancewa, kuma daga ina ta samo asali?

Takarda ce gajera mai jerin matakan da bai kamata a tsallake ba, kowane mataki da akwatinsa a gefe, idan an yi shi sai a sa alama. Wadda ta fara yin suna ita ce ta Dokta Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda a 2001 ya rubuta matakai 5 na saka siririn tiyo a babbar jijiyar jini: a wanke hannu, a goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rufe marar lafiya da ƙyalle mai tsabta tare da sa cikakkun kayan kariya, a guji jijiyar matsematsi, a kuma cire tiyon da zarar an gama bukatarsa. Da aka gwada ta a ɗakunan kulawa ta musamman 103 a jihar Mishigan, cututtukan da ke shiga jini ta wannan tiyo sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kamar yadda aka wallafa a 2006.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tiyata mai matakai 19, waɗanda ake karantawa kafin a sa marar lafiya barci, da kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da shi daga ɗakin tiyata. An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, inda gaba ɗaya mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Daga nan ne ƙasashe suka shiga wajabta ta.

Idan ta yi amfani haka, ina illar take?

Illar farko ita ce a ɗauka takardar da kanta ce ta yi aikin. A 2010 lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta wa asibitocinsa bayyana wa jama'a yawan yadda suke cike takardar tiyata, kuma kusan dukansu suka ba da rahoton cewa ana cike ta a kusan kowace tiyata. Da masu bincike suka duba asibitoci 101 suka wallafa sakamakon a 2014, mace-mace sun sauka daga kashi 0.71 zuwa kashi 0.65 ne kawai, bambancin da masana lissafi ba su ɗauke shi a bakin komai ba, matsalolin bayan tiyata kuwa suna nan yadda suke. Haka a Ingila, lokacin da aka kwaikwayi shirin Mishigan tun daga 2009, cututtukan sun ragu, amma raguwar ba ta wuce wadda da ma ake samu a ɗakunan da ba su shiga shirin ba tukuna.

Abin da aka manta shi ne a Mishigan an yi abubuwa da yawa bayan rubuta takardar. An ajiye kayan aikin duka a kan keke ɗaya, shugabannin asibiti sun riƙa sauka ɗakunan jinya suna jin koke, ana mayar wa kowane ɗaki alƙalumansa, sannan, wanda ya fi komai wuya, an ba ma'aikaciyar jinya ikon ta dakatar da babban likita idan ya tsallake mataki. Wanda ya san asibiti ya san nauyin wannan magana, domin ba ƙaramin abu ba ne nas ta dubi likitan da ya girme ta a shekaru da muƙami ta ce masa ya koma ya wanke hannu.

Inda aka ɗauko takardar aka bar sauran, abin da ke faruwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin tiyata. An gama ɗinki, an tura marar lafiya waje, sai wata ma'aikaciya ta jingina da bango da biro a hannu, ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta sa musu alama cikin rabin minti, ba tare da an karanta ko layi ɗaya a fili ba. Takardar ta shiga fayil a cike, shugaban asibiti ya ga alƙaluma masu kyau ya kwantar da hankalinsa, alhali babu wanda ya tambaya ko an ƙirga audugar da aka yi aiki da ita. A ganina wannan ya fi rashin takardar muni, saboda yanzu akwai shaida a rubuce cewa an yi abin da ba a yi ba.

Akwai kuma inda ake bin matakan da gaske amma sauran abubuwan asibitin su kasa. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gwada takardar haihuwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya a cibiyoyi 120, kan haihuwa fiye da 150,000, tare da masu horarwa da ke zagayawa. Ungozomomi sun ƙara kiyaye matakan ƙwarai, amma sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna mutuwar iyaye mata da jarirai ba ta ragu ba. Takarda na iya tunatar da ungozoma ta auna jinin mai naƙuda, amma ba za ta kawo mata jinin ƙari ko motar ɗaukar marasa lafiya ba.

Shin akwai ƙa'idar da bin ta ya cutar da mutane kai tsaye?

Akwai, kuma fiye da ɗaya. A farkon shekarun 2000 hukumomin da ke sa ido kan asibitocin Amurka sun sa sharaɗi cewa duk mai ciwon nimoniya a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 4 da isowarsa, aka kuma riƙa bayyana makin kowane asibiti a fili. Matsalar ita ce mai tari da sarƙewar numfashi yana iya zama mai ciwon zuciya ne ko mai asma, kuma rarrabewa na bukatar lokaci. Tun da agogo na tafiya, likitocin sashen gaggawa suka koma ba da maganin tun kafin su tabbatar, aka sami ƙaruwar mutanen da aka laƙaba wa nimoniya ba su da ita, suka sha maganin da ba sa bukata tare da haɗarinsa. A 2007 aka mayar da wa'adin awa 6, daga baya aka ajiye ma'aunin.

Misali na biyu ya fi wannan zafi. A 2001 wani bincike a asibiti ɗaya a birnin Leuven na Beljiyam ya nuna cewa matse sukarin jinin masu tsananin ciwo da insulin, a riƙe shi tsakanin 80 da 110, yana rage mutuwa. Asibitoci a ko'ina suka rubuta ƙa'idojin ɗigar insulin, nas na auna sukari tana ƙara magani bisa jadawali. Sai a 2009 babban gwaji kan marasa lafiya 6,104 a Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada ya nuna akasin haka: kashi 27.5 na waɗanda aka matse wa sukari sun rasu cikin kwana 90, sauran kuwa kashi 24.9, kuma faɗuwar sukari mai haɗari ta kama kashi 6.8 na rukunin farko, alhali a na biyu kashi 0.5 ne. Tsawon shekarun da ke tsakani, ma'aikatan da suka fi kowa kiyaye ƙa'ida su ne suka fi jefa marasa lafiyarsu cikin wannan haɗari, ba tare da laifinsu ba. Kuskuren likita ɗaya yana tsayawa ne kan waɗanda suka zo hannunsa, amma kuskuren da aka rubuta a ƙa'ida yana shiga kowane gado a lokaci guda.

Ƙa'idar da aka tsara a Turai ko Amurka tana aiki daidai a Afirka?

Wannan tambaya ita ce ta fi shafar mu, kuma amsarta tana da shaidu masu ƙarfi. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, hannuwansa suka yi sanyi, bugun jininsa ya raunana, a yi masa ƙarin ruwa da sauri ta jijiya. Kowa ya yarda da hakan har Farfesa Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada shi a asibitoci 6 na Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara 3,141, waɗanda fiye da rabinsu zazzaɓin cizon sauro ke damunsu. Cikin awa 48, kimanin kashi 10.5 na yaran da aka yi wa ƙarin ruwan gaggawa sun rasu, waɗanda ba a yi musu ba kuwa kashi 7.3. An dakatar da gwajin kafin lokacinsa a 2011. Abin da ya fi girgiza likitocin da suka yi aikin shi ne da idonsu sun ga yaran suna farfaɗowa bayan ƙarin ruwan, don haka babu wanda zai gano illar in ba don an ƙirga ba. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta a kan wannan. Ya kamata a lura cewa gwajin bai haɗa da yaran da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki ba, su kam ƙarin ruwa ne ke ceton ransu.

An sake ganin irin haka a manya a birnin Lusaka na Zambiya, inda aka gwada ƙa'idar jinyar sefsis, wato halin da ƙwayoyin cuta ke hargitsa jiki har gaɓoɓi su fara gazawa. Cikin marasa lafiya 209, mafi yawansu masu ɗauke da cutar kanjamau, kashi 48 na waɗanda aka bi musu ƙa'idar ƙarin ruwa mai yawa sun rasu, waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba kuma kashi 33. Ƙa'idar an gina ta ne a asibitocin da idan ruwa ya cika huhu akwai na'urar taimakon numfashi a gefen gado, kuma wannan sharaɗin ba a rubuta shi a jikin takardar ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa aiki a inda babu na'urar ba.

Ko na'urar auna iskar oksijin da ake maƙala wa a yatsa tana da nata. Binciken da aka wallafa a 2020 daga Jami'ar Mishigan ya gano cewa a lokacin da na'urar ke nuna 92 zuwa 96, ainihin oksijin na jini ya faɗi ƙasa da 88 a kusan kashi 12 na awon baƙaƙen fata, fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Duk ƙa'idar da ta ce a ba da oksijin ko a ba da gado idan lamba ta sauka ƙasa da kaza, ta gaji wannan kuskure, kuma masu irin fatarmu ne ke ɗaukar nauyinsa.

Kwamfuta ba ta gajiya kuma ba ta mantuwa, ta yaya za ta kawo kuskure?

Wani lamari da ya faru a 2013 a babban asibitin koyarwa na San Faransisko, wanda Dokta Robert Wachter ya bayyana wa duniya dalla-dalla, ya isa amsa. An kwantar da wani yaro ɗan shekara 16 wanda ya saba shan ƙwaya ɗaya ta wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai miligiram 160. Likitar ta rubuta 160 a kwamfuta, ba ta lura ba cewa allon yana kan lissafin miligiram a kowane kilo na nauyin jiki. Yaron na da kusan kilo 39, sai kwamfutar ta ninka, ta fitar da ƙwaya 38 da rabi. Gargaɗi ya fito, likitar ta wuce shi, ya sake fitowa ga mai harhaɗa magunguna, shi ma ya wuce shi, domin kamarsa ɗaya da ɗimbin gargaɗin banza da suke gani kullum. Mutum-mutumin ɗakin magani ya ƙirga ƙwayoyin ya ƙulle su ba tambaya. Nas ɗin da ta karɓa, wadda aka aro daga wani sashe a daren, ta ji a ranta cewa yawan ya yi yawa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai da ta haska lambar kowace ƙwaya na'urar ta tabbatar mata daidai ne. Yaron ya haɗiye su duka, ya fara jin mutuwar jiki da tsikari, daga baya ya kama jijjiga har numfashinsa ya tsaya, Allah ya sa aka ceto shi. Da ma'aikacin ɗakin magani ne aka ce ya ƙirga ƙwaya 38 da hannunsa ya zuba wa yaro ɗaya, da wuya ya kai ta goma bai tsaya ya yi tambaya ba.

Kafin wannan, asibitin yara na Pittsburgh ya girka tsarin rubuta magani ta kwamfuta cikin kwana 6 a 2002, kuma likitocinsa sun wallafa a 2005 cewa mutuwar yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci ta tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.57. Tsarin bai yarda a rubuta magani ba sai yaro ya iso an yi masa rajista, an kuma kwashe magungunan gaggawa daga ɗakin jinya zuwa babban ɗakin magani, sannan likita ɗaya ya koma zaman kwamfuta maimakon gefen gado. Wani asibitin yara a Siyatil ya girka tsarin kamfani ɗaya bayan dogon shiri, bai ga ƙaruwar mutuwa ba.

Me ya sa ma'aikata ke yin watsi da gargaɗi da ƙararrawa?

Saboda yawansu ya wuce abin da kunnen ɗan Adam zai iya ɗauka. A ɗakunan kulawa ta musamman 5 na asibitin San Faransisko an ƙirga ƙararrawa sama da miliyan 2.5 cikin kwana 31, masu sauti kimanin 187 a kowane gado kowace rana, kuma kusan kashi 89 na waɗanda suka shafi rikicewar bugun zuciya da aka bincika na ƙarya ne. Nazarin da aka tattara a 2006 ya nuna likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 da kashi 96 na gargaɗin magani. Hukumar tantance asibitocin Amurka ta ba da rahoton mutuwar mutum 80 da ke da alaƙa da ƙararrawa tsakanin 2009 da tsakiyar 2012. Wanda aka tsorata sau ɗari a banza ba zai zabura a na ɗari da ɗaya ba, kuma wannan halin ɗan Adam ne da horo ko barazana ba sa canjawa.

Sababbin tsare-tsaren hasashe ma ba su tsira ba. Manhajar kamfanin Epic mai hasashen sefsis, wadda ɗaruruwan asibitocin Amurka suke amfani da ita a lokacin, an gwada ta a Jami'ar Mishigan, sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna ta kasa gano kashi 67 na masu cutar, alhali ta yi gargaɗi a kan kashi 18 na duk waɗanda aka kwantar.

Ana amfani da irin waɗannan ƙa'idoji har ga wanda ke gargarar mutuwa?

An yi, kuma abin ya bar tabo a Birtaniya. A ƙarshen shekarun 1990 aka tsara wata ƙa'ida a birnin Liverpool domin a kai irin kulawar gidajen jinyar ƙarshe zuwa asibitoci, a daina wahalar da mai barin duniya da allurai da gwaje-gwaje marasa amfani. Niyyar kyakkyawa ce. Amma da ta yaɗu, har aka haɗa ta da kuɗin lada ga asibitoci, sai iyalai suka fara kuka. Kwamitin da Baroness Julia Neuberger ta jagoranta ya ba da rahoto a Yulin 2013 cewa an sa mutane a kan tsarin ba tare da sanin iyalansu ba, wani lokaci ƙaramin likita ne ya yanke hukuncin da daddare, kuma an hana wasu ko da kurɓin ruwa suna roƙo, alhali ƙa'idar ba ta ce a hana ba. An soke ta a 2014. Sanin cewa ajali ya matso abu ne da ko ƙwararren likita kan yi kuskure a kansa, kuma da zarar an buɗe wa mutum wannan fayil, sai a daina sake dubawa ko ya fara samun sauƙi.

Me ke faruwa idan aka haɗa ƙa'ida da kuɗi ko maki?

Ma'aikata su koma yi wa makin aiki. A 2008 shirin inshorar tsofaffi na gwamnatin Amurka ya daina biyan kuɗin jinyar raunin da marar lafiya ya ji sakamakon faɗuwa a asibiti. Asibitoci suka cika gadaje da ƙararrawar da ke kuka idan mutum ya yunƙura zai tashi, duk da cewa gwajin da aka wallafa a 2012 ya nuna ba ta rage faɗuwa. Tsoho ya kwana uku ko huɗu bai taka ƙasa ba, ƙafafunsa su saki, ya shigo da ƙafarsa ya fita a keke, kuma wannan asarar ba ta cikin abin da ake ƙirgawa. Haka auna zafin ciwo da lamba daga 0 zuwa 10, wanda ya bazu a asibitocin ƙasar daga 2001, ya taimaka wajen yawaita ba da magunguna masu sa maye, har ƙungiyar likitocin Amurka ta nemi a 2016 a daina lissafa zafin ciwo cikin manyan alamomin rai irin su bugun jini da numfashi.

To, a daina amfani da su ke nan?

A'a. Wanke hannu, da tabbatar da sunan marar lafiya da gefen da za a yi wa tiyata, da ƙirga auduga da kayan aiki kafin a rufe ciki, abubuwa ne da babu saɓani a kansu, kuma nan ne takarda ta fi amfani. Haɗarin yana farawa ne idan aka ɗauki abin da ke bukatar hukuncin likita, kamar yawan ruwan da za a ƙara wa wannan mutumin mai raunin zuciya, aka mayar da shi umarni mai agogo. Ƙa'ida mai kyau gajera ce, waɗanda za su yi aiki da ita sun sa hannu wajen rubuta ta, an gwada ta a irin asibitin da irin marasa lafiyar, tana da gurbin da likita zai kauce ya rubuta dalilinsa ba tare da an hukunta shi ba, kuma akwai ranar da za a sake duba ta. Sannan a riƙa ƙirga illarta kamar yadda ake ƙirga amfaninta.

Me marar lafiya da masu jinyarsa za su iya yi?

Su ba da amsa cikakkiya ko da an maimaita musu tambaya sau biyar, domin maimaita suna da maganin da jiki ba ya karɓa yana cikin matakan da ke da amfani na gaske. Su san magungunan da marar lafiya ya saba sha da yawansu, su zo da kwalayen idan zai yiwu. Idan aka kawo abin da ya saɓa wa wanda aka saba, mai jinya ya yi magana cikin ladabi kafin a haɗiye: "Sista, a gida ƙwaya ɗaya Baba ke sha, yau na ga huɗu, don Allah a sake dubawa da likita." Idan ana ƙarin ruwa sai numfashi ya fara sarƙewa ko fuska da ƙafafu suka kumbura, a kira ma'aikaci nan take, kada a jira robar ta ƙare. Idan na'urar yatsa ta nuna lamba mai kyau amma marar lafiya yana haki ko hankalinsa ya fara gushewa, a faɗa wa likita abin da ido ya gani: "Likita, ranka ya daɗe, na'urar ta ce lafiya, amma tun la'asar ba ya gane mu." Kuma idan tsoho ne aka kwantar, a tambaya tun ranar farko ko an yarda ya tashi ya ɗan taka, da wanda zai riƙe shi idan ya tashi.